Yadda Ake Nazarin Wasan Ces na Gasa da Buɗinsa: Wasa na 6 Tsakanin Fischer da Spassky

Mai koyon ces, wato abin da wasu ke kira darar Turawa, yakan buga wasa ashirin a waya cikin dare ɗaya, ya ci wasu, a cinye shi a wasu, shekara ta zagayo hannunsa bai ƙaru ba. Abin da ya fitar da ni daga wannan hali shi ne zama da wasa guda na gwanaye in tsefe shi taku bayan taku, ina rubuta abin da ni zan yi kafin in duba abin da gwani ya yi. Hanyar da nake bi ke nan zan shimfiɗa maka, kuma a kan wasa na gaske za mu yi aikin: wasa na 6 a karawar neman kambin duniya tsakanin Bobby Fischer na Amurka da Boris Spassky na Tarayyar Sobiyet, wanda aka buga a birnin Reykjavik ranar 23 ga Yuli, 1972.

Kayan aiki

Ka tanadi allon ces da 'ya'yansa. In da hali ka sami biyu, babba da ƙarami: a babban za ka bi wasan yadda aka buga shi, a ƙaramin kuma ka gwada tunaninka, don kada ka ɓata tsarin ka rasa inda kake. In ba ka da allo, zana gidaje 64 a kan kwali, ka yi 'ya'ya da marafan kwalba, ka rubuta harafin kowanne a kai. Ka tabbata gidan da ke kusurwar hannun damanka fari ne, kuma kowace sarauniya tana kan gida mai launinta. Sai littafin rubutu da biro, da wata 'yar takarda ta rufe layi. Waya ko kwamfuta sai a mataki na 6, kafin nan ka ajiye ta nesa da hannunka.

Rubutun wasa ba wuya. Layukan tsaye suna da haruffa daga a zuwa h, na kwance lambobi daga 1 zuwa 8, don haka kowane gida yana da suna, kamar e4. K sarki ne, Q sarauniya, R hasumiya, N doki, B kuma giwa. Wasu bishof suke ce mata, amma Larabawa da Rashawa giwa suke kiranta, ni ma haka na saba. Soja ba shi da harafi, gidan da ya taka kawai ake rubutawa, in ya ci kuma a fara da harafin layin da ya baro, kamar cxd5. In 'ya'ya biyu iri ɗaya za su iya zuwa gida ɗaya, ana ƙara harafi ko lambar layin wanda ya taka, kamar Rcf1 ko R1f2. Alamar x ci ce, + kashedi ne ga sarki, O-O kuma ɓoye sarki ne a gefen da ya fi kusa. In ka ga ɗigo uku bayan lamba, kamar 14...a6, takun Baƙi ne. Ga wasan, Fischer ne da farare:

1.c4 e6 2.Nf3 d5 3.d4 Nf6 4.Nc3 Be7 5.Bg5 O-O 6.e3 h6 7.Bh4 b6 8.cxd5 Nxd5 9.Bxe7 Qxe7 10.Nxd5 exd5 11.Rc1 Be6 12.Qa4 c5 13.Qa3 Rc8 14.Bb5 a6 15.dxc5 bxc5 16.O-O Ra7 17.Be2 Nd7 18.Nd4 Qf8 19.Nxe6 fxe6 20.e4 d4 21.f4 Qe7 22.e5 Rb8 23.Bc4 Kh8 24.Qh3 Nf8 25.b3 a5 26.f5 exf5 27.Rxf5 Nh7 28.Rcf1 Qd8 29.Qg3 Re7 30.h4 Rbb7 31.e6 Rbc7 32.Qe5 Qe8 33.a4 Qd8 34.R1f2 Qe8 35.R2f3 Qd8 36.Bd3 Qe8 37.Qe4 Nf6 38.Rxf6 gxf6 39.Rxf6 Kg8 40.Bc4 Kh8 41.Qf4, Baƙi ya miƙa wuya.

Mataki na 1: Kwafe wasan, ka san halin da aka buga shi

Kwafe shi da hannu a littafinka, kowane taku a layinsa, ka bar rabin shafi na dama fanko. In kana da ƙane ko aboki, shi ya kwafa maka ya fi, don kada idonka ya riƙe abin da ke gaba.

A saman shafin rubuta sunayen 'yan wasa, wuri, shekara da matsayin gasar. Wannan ba ado ba ne, domin a gasa mutum yana zaɓen buɗinsa, wato jerin takun da yake fara wasa da su, bisa wanda ke zaune a gabansa ne. Fischer ya faɗi wasan farko, bai zo na biyu ba aka ba Spassky, sannan ya farfaɗo har suka yi kunnen doki, maki biyu da rabi kowannensu. Kusan duk rayuwarsa da 1.e4 yake buɗewa, a kan haka kuma abokan hamayya suke shirya masa. Ranar sai ya tura c4, ya shiga tsarin da Spassky ya daɗe yana bugawa kuma ya san shi ciki da bai. Wanda bai san wannan ba zai ga takun farko kamar ba komai.

Mataki na 2: Bi wasan sau ɗaya da sauri

Minti goma ya isa. Kada ka tsaya lissafi. Abin da kake nema shi ne fasalin wasan: a wane gefe aka yi faɗan, waɗanne 'ya'ya aka yi musaya, ina aka ƙare. Da ka gama, rubuta labarin cikin jimla biyu da bakinka. In ka fi son kada ka san ƙarshen kafin ka yi hasashe, tsallake wannan matakin ka dawo masa bayan na 4. Ga sabon shiga dai na fi son ya fara ganin hanyar gaba ɗaya.

Mataki na 3: Tsefe buɗin

Mayar da 'ya'ya gidajensu. Yanzu kowane taku sai ka yi masa tambaya ɗaya, ka rubuta amsar a gefen dama: me wannan takun yake so, ko me yake hanawa?

Fara da gano sunan buɗin. Bayan taku na 4, dubi allon da kyau. Da an fara da 1.d4 d5 2.c4 e6 3.Nc3 Nf6 4.Nf3 Be7, wannan tsarin dai za a iso. Hanya ce ta bambanta, masauki ɗaya ne. Sunansa Gambitin Sarauniya da aka ƙi karɓa, domin Fari ya miƙa sojan c4, Baƙi bai ci ba, ya tokare d5 da e6. Kuskuren da na fi gani a nan shi ne mai koyo ya ga 1.c4 ya je yana karanta wani buɗi dabam. Tsarin da ke kan allo shi ke ba buɗi suna, ba takun farko ba.

Tokare d5 da e6 yana da kuɗinsa: giwar Baƙi ta c8 ta shiga kurkuku a bayan sojanta. Duk rassan wannan buɗin amsa ce ga tambayar yadda za a fito da ita. Amsar Spassky ita ce 7...b6, wanda ake kira tsarin Tartakower, da sunan gwanin ces Savielly Tartakower. A kundin buɗe-buɗe lambar wannan reshe D59 ce, ka rubuta ta, za ta yi maka amfani wajen neman wasanni irinsa. Ka lura kuma da 6...h6 da ya riga shi. Yana korar giwa, yana ba sarki kafar numfashi, yana kuma ɗauke soja daga h7 inda Fari ya saba kai masa hari. Amma ya bar g6 da h7 da rauni, fararen gidaje ne duka biyun. Ja layi a ƙarƙashin wannan, za mu dawo kansa.

Daga taku na 8 zuwa na 10 an yi musayar doki da giwa a kowane ɓangare, sojan Baƙi ya koma d5. To a nan ne ake gane mai fahimta da mai hadda. Baƙi ya buga b6 don giwa ta hau b7, amma a taku na 11 sai ya kai ta e6. Dalili? Sojansa na d5 ya toshe hanyar b7, da ta je can bayan sojanta za ta yi ta kallo. Sojan b6 bai tashi a banza ba, shi zai goya wa c5 baya.

Sai 12.Qa4 da 13.Qa3. Ɗora yatsa a a3 ka bi karkataccen layin: b4, c5, d6, e7. Sojan c5 ne kaɗai tsakanin sarauniyoyin biyu, ta Baƙi kuma ba mai tsaronta. Ma'ana sojan a ɗaure yake, in ya ci d4 sarauniyarsa ta tafi. Wannan ɗaurin ne zai yi aiki har taku na 18.

Taku na 14 ya cancanci ka daɗe a kansa. Giwa ta je b5 don ta hana doki fitowa d7 cikin kwanciyar hankali. Spassky ya kore ta da a6, amma dubi da kyau, korar ba ta da haƙori tukuna: in sojan ya ci giwa, layin a ya buɗe, sarauniyar Fari ta ɗauke hasumiyar a8, domin dokin b8 ya shiga tsakaninta da 'yar'uwarta. Shi ya sa Fischer ya yi zamansa, ya ci c5, ya ɓoye sarki. Sai da 16...Ra7 ta sa hasumiya ƙarƙashin tsaron sarauniya sannan giwa ta ja da baya.

Buɗi ya ƙare a nan. Kafin ka wuce, ɗebe duk manyan 'ya'ya daga ƙaramin allo, ka bar sojoji kaɗai. Za ka ga Baƙi yana da biyu kafaɗa da kafaɗa a c5 da d5, babu soja a layin b ko na e da zai tsare su. Ana ce musu sojoji masu reto. Muddin suna jere suna da ƙarfi, sun riƙe gidaje huɗu a gabansu. Da ɗaya ya matsa gaba, sai rami ya buɗe, abokin hamayya ya zauna a ciki. Zana wannan hoton a littafinka. A ganina shi ne ainihin abin da za ka ɗauka daga buɗin, ya fi jerin takun da kansa daraja, domin jeri yana ɓacewa daga kai, hoton kuwa yana zama.

Mataki na 4: Rufe, ka yi hasashe

Wannan ne zuciyar aikin, kuma shi ne mutane suka fi gudu. Zauna a gefen Fari. Daga taku na 17 rufe layin gaba da takarda. Kafin kowane takun Fari, duba barazanar da Baƙi ya kawo, ka fitar da taku biyu ko uku da kake gani, ka zaɓi ɗaya, ka rubuta shi da dalilinsa, sannan ka zame takarda. Kada ka taɓa 'ya'ya kana lissafi, a gasa ba a yarda ba, gara ido ya saba tun yanzu. Ba kowane taku minti uku zuwa biyar, masu wuya kuma har goma.

Rubutawar dole ce. In ba ka rubuta ba, da ka ga takun gwani zuciyarka za ta ce maka ai shi kake shirin yi, ka wuce ba ka koyi komai ba.

Ga wuraren da nake so ka tsaya sosai. In kana son cikakken amfani, yi hasashenka tukuna kafin ka karanta abin da ke biye.

A 18.Nd4 doki ya tsaya a bakin soja, sojan kuma ba ya iya cinsa saboda ɗaurin nan. Spassky ya janye sarauniya zuwa f8 inda take da masu tsaro, dole doki ya tashi. Yawancin waɗanda na zauna da su sukan mayar da shi b3 ko f3. Fischer ya ci giwar e6. Da farko abin yana ba da mamaki, doki mai ƙarfi a tsakiya a ba da shi don giwar da ke bayan sojanta, har ma a ƙara wa d5 mai tsaro. Amsar tana taku na gaba.

20.e4 soja ne aka miƙa ba mai tsaronsa. Gwada a ƙaramin allo: in Baƙi ya ci, sojojinsa na a6, c5, e6 da e4 duk sun zama marayu, ba mai kare wani, Fari zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Spassky ya tura d4, masu sharhi da yawa kuma a nan suke ɗora laifin faɗuwarsa. Sojan ya wuce ba mai tare shi a gaba, gaskiya ne, amma ya bar c4, farin gida, ga giwar da ba ta da kishiya a allon tun da aka cinye ta e6. Yanzu ka ga dalilin taku na 19. Daga nan 21.f4 da 22.e5 suka kafe sojan e6 a inda yake, giwa ta hau c4, sarauniya ta tsallaka h3, su biyun suna kallonsa.

A taku na 28 akwai tarko, kuma na ga mutane da dama sun faɗa. Hasumiya tana f5, gidan f7 a buɗe, giwa tana tsaronsa, kai hari kan sarauniya yana da daɗin gani. Buga 28.Rf7 a ƙaramin allo, sai doki ya yi tsalle g5 ya haɗa sarauniyar h3 da hasumiyar. In aka bi cin har ƙarshe, Fari ya ba da hasumiya ya karɓi doki. Fischer bai yi garaje ba, ya kawo hasumiya ta biyu f1, sannan 30.h4 ta hana dokin g5 gaba ɗaya.

Daga 32 zuwa 36 dubi abin da Baƙi yake yi: sarauniya e8, d8, e8, d8, e8. Ba shi da abin yi. Fari kuma yana gyara zama a hankali, har ya tura a4 ya rufe 'yar kafar da ta rage a wancan gefen. Sannu ba ta hana zuwa. Mai koyo a irin wannan wuri yakan ƙosa ya yi sadaukarwar da ba ta nuna ba.

A 37.Qe4 nemo barazanar da kanka kafin ka ci gaba. Ga ta: 38.Rf8+ Nxf8 39.Rxf8+ Qxf8 40.Qh7, sarki ya mutu, giwar d3 tana goyon sarauniya. Koma layin da ka ja a ƙarƙashin 6...h6, ga inda raunin ya fito bayan taku talatin. Spassky ya tare da doki a f6, Fischer ya ba da hasumiya ya ɗauke shi, garkuwar sarki ta watse. Da aka tashi, 'yan kallo sun tafa, Spassky ma ya taya su tafawa.

Ƙirga sau nawa ka dace. Kada adadin ya dame ka a karon farko. Wuraren da ka saɓa su ne kayan aikin mataki na gaba.

Mataki na 5: Juya allon

Wata rana dabam, zauna a gefen Baƙi, ka nemi inda za ka kauce wa abin da ya sami Spassky. Zaɓi wurare uku kawai, ka sa musu alama. Nawa su ne 14, 18 da 20. A na 20 gwada c4, gwada Nf6, ka bi kowanne taku uku ko huɗu, ka rubuta wanda ya fi kwanta maka. Mutane suna tsallake wannan saboda kowa ya fi son zama a kujerar wanda ya ci, alhali a gasa rabin wasanninka da baƙaƙe za ka buga.

Mataki na 6: Yanzu ɗauko waya

Shiga Lichess, shafin ces ne na intanet kuma kyauta ne, ka jera wasan a allon nazari, ka kunna injin Stockfish, wato manhajar da ke auna wanda ke gaba a wasa. Lambar da yake nunawa, in da alamar tarawa Fari ne a gaba, in da ta ragewa Baƙi ne, kuma 1.0 kusan darajar soja ɗaya ce. Kada ka bi wasan duka kana kallon lamba tana hawa da sauka. Je wuraren da hasashenka ya saɓa, ka buga naka takun, ka ga amsar da injin zai ba ka. In lambar ba ta motsa sosai ba, takunka ma hanya ce, ka sa masa alama. In ta faɗi, bi layin har ka gane dalilin da idonka, sannan ka rubuta shi da Hausa, ba da lamba ba. "Na bar doki ya shiga g5" darasi ne. Lamba kaɗai ba ta koya maka komai.

In data ta yi ƙaranci, akwai manhajojin ces masu injin da ke aiki ba intanet, ka sauke sau ɗaya. In babu waya sam, kai littafinka wurin wanda ya fi ka hannu, ku buga daga wurin da kake shakka.

Mataki na 7: Bi sawun buɗin, baya da gaba

Wasa ɗaya ba ya gaya maka gaskiyar buɗi duka. Na taɓa haddace takun Fischer goma sha huɗu na farko, na je wata gasa da su ina jin na riƙe makami. Abokin karawata bai buga a6 ba, ya kai sarauniya b7. Na zauna ina kallon allo ban san me ake ciki ba, na ci sojan da ya miƙa, sarkina ya maƙale a tsakiya har aka gama da ni. Ya yi mini zafi ƙwarai, don da na bi sawun wasan da na san da zancen.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Takun 14.Bb5 ba Fischer ya fara shi ba, Semyon Furman ya buga wa Efim Geller shi a 1970 ya ci. Geller kuwa yana cikin masu taimaka wa Spassky a Reykjavik. A 1973, a garin Hilversum na ƙasar Holan, Jan Timman ya buga wa Geller wannan takun, Geller ya amsa da 14...Qb7. Jera shi ka gani: sarauniya ta fita daga ɗauri, ta kuma kai wa giwa hari. Wasan ya ci gaba da 15.dxc5 bxc5 16.Rxc5 Rxc5 17.Qxc5 Na6 18.Bxa6 Qxa6. Fari ya fi da soja ɗaya, amma sarauniyar Baƙi tana kallon f1 daga a6, sarki ba shi da ikon ɓuya. Geller ya ci wasan.

Don haka duk buɗin da ka nazarta, buɗe rumbun wasannin gwanaye a Lichess, ka tsaya a takun da ya ba ka sha'awa, ka ga me aka fi bugawa a wurin. Zaɓi wasa biyu, ɗaya da Fari ya ci, ɗaya da Baƙi ya ci, ka bi su da sauri irin na mataki na 2. A wannan reshen ka duba 14.Be2, inda giwa ke fitowa ba tare da ta tsaya a bakin hari ba, Fari ya ɓoye sarkinsa da wuri.

Mataki na 8: Shafi ɗaya, sannan ka buga

Tattara komai a shafi guda: taku 13 na farko, hoton sojoji masu reto, shirin Fari cikin jimla biyu, shirin Baƙi cikin jimla biyu, tarkon taku na 28, da amsar Geller. In ya wuce shafi ɗaya, ka cika shi da rassan da ba za ka tuna ba, rage.

Sai ka nemi aboki ku jera tsarin bayan 13...Rc8, ku buga daga nan sau huɗu, biyu kana Fari, biyu kana Baƙi, da agogo in akwai, minti goma sha biyar kowa. Agogon waya ma ya wadatar. In ba aboki, jera tsarin a Lichess ka buga da kwamfuta a matakin da bai fi ƙarfinka da yawa ba. Rubuta waɗannan wasannin kamar yadda ake yi a gasa, ka bi su da mataki na 6.

Aikin duka nakan raba shi zama uku, kowanne kamar awa ɗaya da rabi: mataki na 1 zuwa 3 a zaman farko, na 4 shi kaɗai a na biyu, sauran a na uku. Bayan mako guda, ɗauko allo ba tare da littafi ba, ka gwada buga wasan daga kai. Inda ka tsaya ka kasa tuna takun gaba, buɗe littafin ka duba gefen dama na wannan layin. Galibi za ka tarar ba ka rubuta dalili a wurin ba, sai ka zauna ka rubuta shi.